Bashin Karatu: 'Yan Poly da Masu Sana'ar Hannu na Birnin Kano, Wa Ya Cancanta?

Tun ranar 24 ga Mayun 2024 da gwamnatin tarayya ta buɗe shafin neman bashin karatu, akwai tambayar da masu shagunan kwamfuta na cikin birnin Kano suka ji har kunnensu ya saba: "Malam, mu ma 'yan Poly ana ba mu, ko na 'yan jami'a ne kawai?" Mai tambayar ba shi da laifi. Ya tashi ya tarar duk wani abin arziki da za a raba wa ɗalibai, sunan jami'a ake fara kira, shi kuwa mai karatun lantarki ko gini ko gwajin jini sai in an rage.

Amsar a taƙaice ita ce ana ba su. Dokar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024 ba ta ware jami'a ita kaɗai ba. Ta haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha, wato Poly, da kwalejojin ilimi, har ma da makarantun koyon sana'a da gwamnati ta amince da su. Sai dai tsakanin "ana ba su" da jin ƙarar saƙon banki a waya akwai tafiya, kuma a wannan tafiyar ne ɗimbin 'ya'yan Dala da Gwale da Yakasai suke zubewa ba tare da sun san abin da ya kayar da su ba.

Asusun da ke ba da bashin, wanda kowa ke kira NELFUND, yana biyan abu biyu. Na farko kuɗin makaranta, wanda ɗalibi ba ya ko ganin ƙyallinsa, domin kai tsaye ake tura shi asusun makarantar. Na biyu kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, ga wanda ya nema, shi ne ke shiga asusun ɗalibin. Babu kuɗin ruwa a kai. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta buɗe wa shirin zauren gidajen Kano, domin da akwai ko sisin kwabo na riba, da dattawa da yawa sun hana 'ya'yansu ko kallon fom ɗin. Abin da ka ci shi za ka biya. Biyan kuwa ba ya farawa sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai zaman kansa kuma ya riƙa bayar da kashi 10 na ribarsa. Wanda ya rasu, an yafe.

Wannan doka ba ita ce ta farko ba. A watan Yunin 2023 an fara sa hannu a kan wata, wadda sharuɗɗanta suka sa mutane dariyar takaici. Ta ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ya kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati masu mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali da makamantansu. A yi tunanin ɗan wani baduku na Ƙofar Wambai, wanda duk zuri'arsu babu mai ɗaukar albashi, yana yawon neman darakta ya tsaya masa. Talakan da ya cika sharaɗin farko, da wuya ya cika na biyu. Dokar 2024 ta share duka biyun, ta kuma share wani sharaɗi da ke hana yaro bashi saboda iyayensa sun taɓa cin bashi ba su biya ba. Abin da ya rage na hani ya shafi halin mai neman ne da kansa: wanda aka kora saboda satar amsa, ko aka kama da takardun bogi, ko kotu ta same shi da laifin zamba ko ƙwaya, ko ya ci wani bashi ya ƙi biya.

To in haka ne, ina gizo ke saƙar?

Sai an fahimci yadda karatun fasaha yake tafiya a Najeriya kafin a gane. Ɗan jami'a yakan shiga ta JAMB, ya yi shekara huɗu ko biyar a jere, ya fita da digiri. Ɗan Poly kuwa karatunsa hawa biyu ne da rata a tsakani. Zai yi shekara biyu ya samu ƙaramar difloma ta ƙasa, wato ND. Sai ya fita ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a masana'anta ko wani wurin aiki, abin da ɗalibai ke cewa IT. Daga nan ya sake neman gurbi, ya yi wasu shekaru biyu ya samu babbar difloma, HND. Hukumar da ke sa ido a kan wannan tsari ita ce NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977. Ita ke tantance kwasa-kwasai, ita ke cewa wannan kwas ya cika sharaɗi, wancan bai cika ba.

Shafin NELFUND yana neman abubuwa kaɗan: lambar JAMB, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, lambar ɗalibta da shaidar samun gurbi. Kafin ma ɗalibi ya taɓa kwamfuta, dole makarantarsa ta riga ta ɗora sunansa da bayanansa a rumbun asusun. In ba ta ɗora ba, ko ta ɗora da kuskure, shafin zai ce bai san shi ba, ko da kuwa yana zaune a aji a wannan sa'ar.

Lambar JAMB ita ce babban tarko ga 'yan Poly. Shekara da shekaru, kwalejojin fasaha a faɗin ƙasar nan sun saba ɗaukar ɗalibai da fom ɗinsu na kansu, ba tare da sunan ya bi ta hannun JAMB ba. Yaro ya sayi fom a makaranta, ya ga sunansa a allo, ya biya kuɗi, ya shiga aji. A wurinsa da iyayensa ya samu makaranta. A wurin JAMB kuwa babu shi. Hukumar ta sha buɗe ƙofar gyara irin waɗannan gurabe, ta sha kuma jan kunnen makarantu cewa ta kusa rufe ta. Da can matsalar ba ta fitowa sai lokacin tafiya bautar ƙasa, yanzu tana fitowa tun ranar neman bashi. Shi kuma mai HND, da yake JAMB ba ita ke ba da gurbin HND ba, lambar da ya shiga ND da ita ce madogararsa. In waccan shigar ta farko ba ta da tushe, shekara uku bayan nan za ta biyo shi.

Sai masu karatun yamma ko na ƙarshen mako. Waɗannan su ne suka fi ba da tausayi, domin galibinsu rashin hali ne ya kai su wannan tsarin. Matashin da ke tsaron shagon kawunsa a Kasuwar Kurmi da safe, ko yake ja wa wani adaidaita sahu, ya ga ba zai iya barin neman abinci ya zauna aji daga safe zuwa la'asar ba, sai ya zaɓi karatun da zai bar shi ya yi duka biyun. Bashin an tsara shi ne domin masu cikakken karatu. Wanda ya fi kowa buƙata, zaɓin da talauci ya tilasta masa shi ne ya fitar da shi daga layi. A wannan fanni, Ingila, inda muka aro sunan HND tun asali, ta bi wata hanya: tun daga shekarar karatu ta 2023, masu manyan kwasa-kwasan fasaha da gwamnati ta amince da su suna iya samun bashin kuɗin makaranta da na kashewa ko da ba cikakken karatu suke yi ba. Sun lura cewa mai neman ilimin fasaha sau da yawa ma'aikaci ne da ke son ƙarin gogewa, ba yaron da ya fito daga sakandare jiya ba.

Shekarar IT ma rami ce. A cikinta ɗalibi ya gama ND, bai shiga HND ba, ba shi da rajista a kowace makaranta, don haka babu abin da zai nuna. Zai riƙa zuwa wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, in ya yi sa'ar samun wadda injinanta ke juyawa, wani wurin a ba shi na mota, wani wurin ko sannu. Da yawa daga nan suke sulalewa. Ya fara samun ɗan aikin wayarin a unguwa, ko wani Alhaji ya ɗora shi a kan shago, sai maganar HND ta zama "in Allah Ya kai mu baɗi", har baɗin ta zama tarihi.

Akwai kuma waɗanda makarantar ce ba ta cikin lissafi. Bashin na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. A Kano wannan ya haɗa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, mai Makarantar Fasaha a titin Matan Fada da rassa a Gwarzo da Rano, da irin su Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Bichi. 'Yan birni da yawa kuma suna tsallakawa Kazaure, Kwalejin Hussaini Adamu, ko Nuhu Bamalli a Zariya, ko babbar yayarsu ta Kaduna. Amma a 'yan shekarun nan makarantun kuɗi na koyon aikin lafiya sun yi yawa a Kano kamar jamfa a Jos, kuma 'yan mata ne suka fi cika su, domin iyaye na ganin aikin asibiti ya dace da 'ya mace, kuma ba sai ta bar gari ba. Ɗalibar irin wannan makaranta ba ta da rabo a asusun, ko da makarantar na da cikakkiyar rajista. In kuwa ba ta da ita, to asarar ta wuce ta bashi. A 2022 gwamnatin jihar ta rufe fiye da 20 daga cikin irin waɗannan makarantu saboda rashin izini. Haka nan diflomar cikin gida da wasu makarantu ke bayarwa, wadda ba ND ba ce, ba ta bi ta JAMB ba: takarda ce mai kyan gani a bango, amma shafin bashi bai san da zamanta ba.

Wanda ya tsallake duk waɗannan, saura ƙaramin abu da ke kayar da manya: suna.

Bahaushe bai saba da sunan zuri'a irin na Bature ba. Yaro ɗaya, a firamare an rubuta shi da sunansa da na mahaifinsa. A sakandare malamin aji ya ƙara masa sunan unguwa, ya zama wane wane Koki ko wane wane Mandawari. Da ya je buɗe asusun banki, ma'aikaciyar ta rubuta Mohammed a inda takardarsa ta ce Muhammad. A wurin NIN aka sa sunan kakansa a farko. Ranar haihuwa kuwa, mahaifiyarsa ta san an haife shi da azumi, shekarar da aka yi wa yayarsa aure, sai mai cike fom ya zaɓa masa 1 ga Janairu, wani mai cike fom ɗin kuma ya zaɓa masa wata ranar. Duk unguwa ta san mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. 'Ya mace tata ta fi wuya, in ta yi aure tsakanin ND da HND aka canza mata suna zuwa na miji a wata takardar aka bar na uba a wata.

A shagon kwamfuta za ka ga abin da idonka. Ɗalibi na tsaye a bayan mai shago, riƙe da leda mai ɗauke da takardunsa, fanka na kaɗa iska mai zafi, janareta na ruri a waje. Mai shago ya buga lambar NIN, ya buga ta BVN, ya jira, ya girgiza kai.

"Ɗan'uwa, sunanka bai hau ba. Na banki daban, na NIN daban."

"To Yaya, ba yadda za a yi?"

"Sai ka je an gyara ɗaya. Ka fara da banki, ya fi sauƙi."

Gyaran nan kuɗi ne da kwanaki: takardar rantsuwa a kotu, layi a banki, layi a ofishin katin ɗan ƙasa. Akwai kuma kuskuren da ɗalibai ke jawo wa kansu, na barin mai shago ya sa lambar wayarsa ko adireshin imel ɗinsa a maimakon nasu. Ranar da saƙon sirri zai zo, sai ya tafi wayar wani, mai shagon kuma wataƙila ya tashi daga wurin. Bashin kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba, kowace shekarar karatu sai an sabunta.

Duk da haka Kanawa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. A alƙaluman da asusun ya riƙa fitarwa tun 2024, Kano na sahun gaba a yawan masu nema, Jami'ar Bayero kuma na cikin makarantun da ɗalibansu suka fi amfana. Dalilin a fili yake. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zo kusan lokaci guda da ƙarin kuɗin rajista a manyan makarantu, har ta kai gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jihar a wannan shekarar, ta kuma biya wa 'yan jihar kimanin 7,000 da ke Jami'ar Bayero kuɗin rajista. Ragin rabin ya taɓa 'yan Poly kai tsaye. Amma shirin da ya fi amo, na tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje irin su Indiya da Uganda, sharaɗinsa digiri mai daraja ta ɗaya ne. Hazikin da ya fita da sakamako mafi girma a HND, wannan ma'aunin ba da shi aka yanka ba.

Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ita ma tana nan, kuma nata kyauta ne ba bashi ba. Sharaɗinta na farko zama ɗan jiha, abin da ake tabbatarwa da takardar ƙaramar hukuma, wadda a cikin birni kan bi ta hannun mai unguwa kafin ta kai ofishin Dala ko Gwale ko Birni da Kewaye. Kuɗin ba mai yawa ba ne, kuma ba wanda zai jingina karatunsa a kansa. Akwai kuma 'yan majalisa da attajirai masu biya wa yara rajista, wanda wannan sharaɗinsa ba a rubuce yake ba: sanayya.

Ko ga wanda ya samu bashin tarayya, lissafin ɗan Poly ya bambanta da na mai karanta tarihi ko shari'a. Naira 20,000 a wata, in an raba ta kwana 30, ba ta kai 700 a rana ba. Ɗalibin da zai taso daga Gwammaja zuwa Matan Fada ya dawo, kuɗin adaidaita kaɗai ya isa ya cinye ta. Shi kuma karatunsa na kayan aiki ne: allon zane, mita ta gwada wuta, takalmin kariya, rigar ɗakin gwaji, kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar zane. A shekarar ƙarshe kuma sai ya ƙera wani abu da hannunsa, injin casa ne ko inbata ko na'urar ban ruwa, kuma ƙarfe da waya da batirin duk daga aljihunsa ko na 'yan rukuninsa za su fito, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Asusun ya yi wa kowa kuɗin goro, alhali kuwa karatun fasaha ya fi tsada a hannun ɗalibi. Wannan gyara ne da ya kamata a yi, ko da ta hanyar ware wani kaso na kayan aiki ga masu irin waɗannan kwasa-kwasai.

Akwai kuma abin da ya kamata ɗalibi ya sa wa ido. A 2025 hukumar wayar da kai ta ƙasa ta yi zargin cewa wasu makarantu a ƙasar nan na karɓar kuɗin daga asusun ba tare da sun sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Sau da yawa kuɗin asusun kan iso bayan ɗalibi ya riga ya ranto ya biya don kada a rufe rajista. In haka ta faru, haƙƙinsa ne makaranta ta mayar masa da abin da ya biya, domin bashin a wuyansa yake ko ya ga kuɗin ko bai gani ba. Ajiye rasit ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wannan magana ta waɗanda suka shiga makaranta ce. Amma cikin ganuwar Kano, mafi yawan masu fasaha ba su taɓa riƙe lambar JAMB ba. Birnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15 ya daɗe da tsarinsa na koyar da sana'a: marina a Ƙofar Mata, majema da dukawa a Ƙofar Wambai, maƙera, maɗinka, magina. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana." Babu fom, babu rajista. Yaro ya fara da shara da aike, ya koma miƙa kayan aiki, har ranar da za a yaye shi. Tallafin karatunsa shi ne kuɗin abincin rana da maigida ke ba shi da ɗinkin sallah. Ko Turawan mulki sun ga darajar wannan, domin makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Daga baya ne boko ya karkata ga aikin ofis, sana'a ta koma abin da ake tura yaron da "bai da ƙoƙari".

Yau jikokin waɗancan masu sana'a su ne ke haɗa sola a rufin gidaje, suna gyaran waya, suna walda, suna naɗin kwayil. Wani a cikinsu ya fi mai HND sanin cikin inbata nesa ba kusa ba, amma in kamfani ya nemi takarda sai ya sunkuyar da kai. Domin irinsu aka fito da tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, wanda NBTE ke kula da shi. A ƙarƙashinsa ana iya zuwa a gwada mutum a bakin aikinsa, a ba shi shaida a kan abin da ya riga ya iya, ba sai ya koma aji ba. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya zama shugaban hukumar a 2021, tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya jawo masu sana'ar kasuwar Panteka cikin irin wannan tsari. Abin da aka yi a Panteka babu dalilin da zai hana a yi shi da faɗi a Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai.

A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa ta ƙaddamar da wani shiri na daban domin koyon sana'a: horo kyauta na wata shida ko na shekara guda a cibiyoyin da aka tantance, da karatu kyauta a makarantun sakandaren fasaha na tarayya, tare da alawus na wata-wata. Wannan ba bashi ba ne, kuma ba ya neman lambar JAMB, ko da yake NIN da BVN suna nan daram. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka nema, abin da ya nuna ƙishirwar ta fi ruwan yawa. Sai dai shirin na matakin farko ne. Wanda ya riga ya ƙware, yake son hawa zuwa matakin da zai shugabanci aiki a masana'anta ko ya karɓi kwangila da sunansa, har yanzu tsaninsa gajere ne. A Jamus kuwa, tun 1996 akwai tallafi na musamman, wani kaso kyauta wani bashi, ga mai sana'ar da ke son zama cikakken maigida mai shaidar koyar da wasu. Ba su ce sai ya zama ɗan jami'a tukuna ba.

Tambayar da iyaye ke yi a zaure ita ce ko HND ta cancanci a ci bashi dominta. Suna da hujja. An daɗe ana fifita digiri a kanta wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma a gwamnati. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma har Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka bai zama doka ba. Ko a makin shiga, a 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha, wanda ke ƙara cusa wa yara cewa Poly wurin wanda jami'a ta ƙi ne. Ingila ta mayar da nata kwalejojin jami'o'i tun 1992, Ghana ta fara bin sahu a 2016. Amma in aka bar ofis aka dubi kasuwa, lissafin na canzawa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024. Ƙwararren mai haɗa sola ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Kano, a lokacin zafi, yana iya samun haka a 'yan kwanaki. Wanda ya haɗa takarda da hannu, shi ne ba ya rasa ɗaya.

Nan kuma aka zo ga batun biya, wanda shi ne zai nuna ko shirin zai rayu. Najeriya ta taɓa gwada wannan: an kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972 zamanin Janar Yakubu Gowon, aka maye gurbinta da bankin ilimi a 1993, duka suka durƙushe, babban dalili kuwa shi ne waɗanda suka ci ba su mayar ba. Sabuwar dokar ta dogara ne da masu ɗaukar aiki su riƙa cirewa daga albashi, ta kuma ba wanda bai samu aiki ba damar yin rantsuwa a ɗaga masa ƙafa, tare da tanadin ɗauri ga wanda ya yi ƙarya. Ga ma'aikacin banki ko na gwamnati abin mai sauƙi ne. Amma mafi yawan 'yan Poly na cikin birni ba albashi za su ci ba. Za su buɗe shago ne a bakin titi, ciniki na shiga aljihu da asusun waya, ba littafin shiga da fita, riba da uwar kuɗi duk a haɗe. Yadda za a gane kashi 10 na ribar irin wannan mutum, aiki ne da ke jiran asusun. 'Yan HND da suka karɓi bashin a shekararsu ta ƙarshe a 2024, suka yi bautar ƙasa bayan nan, wa'adinsu na shekara biyu zai fara cika daga wajen 2027 zuwa 2028, kuma su ne rukunin farko na masu sana'a da za a nema su fara mayarwa.